Maigidana yace maganin tibi ne ya kashe masa tiramol, wai zai ajiye shi

Slm Adda, sannu da ƙoƙari. Dan Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce a nan Gombe wajen Pantami, yaranmu huɗu. Maigidana direba ne yana lodin Gombe zuwa Bauchi. Shekarun baya yayi hatsari ya bugu a baya, tun lokacin yake shan tiramol, da ɗan 100 ne guda ɗaya in ciwon ya motsa. To yanzu wata uku kenan aka gano yana da tarin tibi aka ɗora shi a magani, tunda ya fara yace tiramol ɗin ya daina masa aiki, ya koma biyu ya koma uku, yanzu ma mai 225 nake tsinta a aljihunsa in zan yi wanki kuma a ƙirgena uku yake sha a rana. In bai sha ba sai gumi da hamma da murɗar ciki da zawo, yaron kemis ɗin layinmu yace taifot ne ya bashi Cipro. Shekaranjiya cikin dare naga jikinsa ya fizga har sau biyu yana barci. Yanzu yace tunda tarin ya tsaya zai ajiye maganin tibi ɗin dan shi ke kashe masa maganin bayansa. Ni dai a raina gani nake kawai ya zama ɗan ƙwaya yake neman hujja. In kai ƙara wajen Dada mahaifiyarsa ne, ko in kwashe ƙwayoyin in watsa a masai? Wlh na rasa ta inda zan kama.

Wa alaikis salam ƙanwata, Allah ya bashi lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma ya baki ladan jinya.

Bari in fara da abin da ba zai miki daɗin ji ba, maigidanki ba ƙarya yake ba. Maganin tibi yana rage ƙarfin tiramol a jiki, sosai ma kuwa, duk wani likita ko ɗan famasi da ya san aikinsa zai gaya miki haka. Abin da yake ji a jikinsa gaskiya ne. Inda ya kauce shi ne mafitar da ya zaɓa, ajiye maganin tibi a wata na uku, kuma ke ma taki mafitar ta masai ɗin ki dakata da ita tukuna, zan gaya miki dalili.

Wannan ƙwayar da ake bashi a asibiti yake sha da sassafe kafin karin kumallo, ba magani ɗaya bane, haɗi ne. Wata biyun farko magani huɗu ne a dunƙule, rifamfisin da isoniyazid da firazinamaid da itambutol, daga nan sai a koma biyu, rifamfisin da isoniyazid, har wata huɗu, jimla wata shida. Duka antibayotik ne. Rifamfisin ɗin nan shi ne wanda yake sa fitsarinsa yayi ja kamar an zuba kala, nasan kin lura, wani har zufarsa da hawayensa sai sun canza kuma wannan ba komai bane. Amma yana da wani hali da ba a gani da ido. Hanta ita ce take sarrafa yawancin magungunan da muke sha ta karya su jiki ya fitar, to rifamfisin zuga hanta yake ta ƙara yawan sinadaran da take wannan aikin da su, cikin sati ɗaya zuwa biyu da fara shansa sai ta koma tana cinye wasu magungunan da sauri fiye da yadda ta saba. Tiramol na cikinsu. Mofin ma haka, da metadon, da oksikodon, kusan duk dangin nan na masu kashe zafin ciwo mai tsanani yana taɓa su, wani kaɗan wani da yawa. A 2013 an gwada a ƙasar Finlan, aka ba mutane masu lafiya rifamfisin na ƴan kwanaki sannan aka basu tiramadol, abin da ya shiga jininsu ya ragu da fiye da rabi. Kuma ba sabon sani bane, tun 1976 likitoci a Amurka suka rubuta cewa masu karɓar metadon da aka ɗora a rifamfisin saboda tibi sun fara gumi da ciwon jiki da rashin sukuni sai kace an yanke musu maganin, alhali kullum suna sha. Kinga kenan mutumin da ya saba guda ɗaya ta ɗauke masa ciwo, rana ɗaya yaga ta zama kamar bai sha ba, ba wanda ya masa bayani, me kike tsammani zai yi in ba ƙari ba.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne, dan shi ne ya hana ni ajiye saƙonki sai wani satin.

Ki ɗauka bokiti ne aka huda masa gindi, mutum yana so ruwa ya tsaya a rabi dole ya riƙa zubawa da yawa tunda yana tsiyayewa. Rifamfisin shi ne hujin. Ranar da aka daina shansa hujin zai fara toshewa, a hankali, cikin kamar sati biyu hanta ta koma yadda take da. Shi kuma mai zuba ruwan bai sani ba, yana nan yana zuba uku ukun da ya saba. Ƙwaya iri ɗaya, adadi iri ɗaya, amma abin da zai taru a jininsa zai iya ninkawa. Wato abin da yake shirin yi, ya ajiye maganin tibi dan tiramol ya dawo da ƙarfinsa, eh zai dawo da ƙarfin nasa, amma zai dawo ya tarar da mutum yana shan miligiram 675 a rana. Kuma ko da bai ajiye yanzu ba ya daure ya kai wata shidan, wannan haɗarin yana nan yana jiransa a ƙarshen wata na shida, lokacin da kowa a gida yake murna an gama magani. Shi yasa maganar rage tiramol ɗin ba abin da za a ce bari sai ya gama na tibi bane, dole a sauko da shi kafin ranar.

Lissafin kuma mai sauƙi ne, 225 sau uku 675. Iyakar abin da aka yarda babban mutum mai lafiyar hanta da ƙoda ya sha a yini guda miligiram 400 ne, shi ma a rarrabe kuma da sanin likita. Tiramadol ɗin da NAFDAC ta amince da shi a ƙasar nan mai 50 ne da mai 100. Mai 200 da 225 da 250 duk ta bayan fage suke shigowa, ba wanda ya duba abin da ke ciki. A farkon 2025 ma an bankaɗo cewa wasu ƙwayoyin da ake sayarwa a Afirka ta Yamma da lambar 225 ba tiramadol bane a ciki, haɗin tafentadol ne da karisofrodol, wani mai saki jiki da sa barci, har gwamnatin Indiya ta hana haɗa su. To ki duba, mutum yana haɗiyar abin da ko mai sayar masa bai san mene ne ba.

Sai fizgar da kika gani da dare. Mutum lafiyayye ma yakan zabura sau ɗaya yana shiga barci, wannan kowa na yi. Amma a wajen maigidanki ba zan ce miki ba komai ba, saboda abu uku ne suka haɗu masa kuma kowannensu an san shi da janyo jijjiga irin ta farfaɗiya. Tiramol in ya wuce ƙa'ida shi ne kan gaba, da yawan samarin da ake kwasowa daga tasha ko majalisa suna kumfa shi ne sanadi. Isoniyazid ɗin da ke cikin maganin tibi shi ma yana da wannan halin kaɗan. Sannan aka zo aka ɗora masa Cipro, wanda a takardar da ke cikin kwalinsa ma an rubuta a yi hattara da shi ga mai haɗarin jijjiga. Ni a ganina ya dakata da Cipro ɗin nan daga yau har likita ya ganshi, tunda dama ba likita ne ya rubuta ba kuma ba wani gwajin kirki aka yi ba.

Kuma wai taifot. Allah na tuba, a garin nan duk wanda yayi zufa ya riƙe ciki taifot ne da maleriya. Ki sake karanta abin da kika rubuto min da kanki, in bai sha ba sai gumi da hamma da murɗar ciki da zawo. In bai sha ba. Taifot ba ya jiran sai an makara shan ƙwaya sannan ya motsa, kuma ba ya lafawa minti talatin bayan an haɗiye ta. Wannan alamun jikin da ya saba da tiramol ne yake nemansa, kuma da yake hanta tana cinye shi da wuri, neman yana zuwa da wuri, shi yasa kika ga tazarar tana raguwa. Ban ce ba zai iya yin taifot ba, ɗan adam ne, amma wannan asibiti ne za su tantance. Wani abin haushin kuma, Cipro dangi ɗaya ne da lebofuloksasin da moksifuloksasin, magungunan da ake tanada dan tibi mai taurin kai, bai kamata ana watsa wa mai tibi irinsu haka kawai daga kan kanta ba.

Kin tambaye ni a fakaice ko ya zama ɗan ƙwaya. Jikinsa dai ya saba, wannan ba tantama, kuma duk wanda ya sha irin wannan maganin kullum na tsawon lokaci jikinsa zai saba ko liman ne ko likita. Ko abin ya wuce sabon jiki ya zama shaye-shaye, wato yana sha ko ba ciwo, yana ɓoyewa, yana cin kuɗin cefane a kai, ke kika fi ni sani kuma likita ne zai auna. Mai yiwuwa akwai duka biyun, dan komawa mai 225 a ɓoye ba alama ce mai kyau ba, ba zan rufe miki ba. Amma dan Allah kalmar nan ta ɗan ƙwaya kar ta fito daga bakinki a gabansa. Mutum ne da yayi hatsari yana neman abin da za ku ci, ya kamu da tarin da har yanzu mutane ke gudun mai shi, ya rame, yana jin kunyar abokan tasha, in kika jefa masa wannan kalmar ƙofar kika rufe kuma ke kaɗai ce a kusa da shi da kika san adadin da yake sha.

Masai kuma a'a. Wanda yake shan 675 a rana in aka yanke masa lokaci ɗaya zai shiga wani hali, ciwon gaɓoɓi, amai, zawo, rashin barci, tsoro da faɗuwar gaba, wani har ruɗewa yake yana jin kamar ana ja masa lantarki a kai, dan tiramol ba ciwo kaɗai yake taɓawa ba har da sinadaran da ke riƙe da yanayin zuciyar mutum. Kuma me zai faru, kafin azahar ya sayo wani, ya daina ajiyewa a aljihu, ke kuma kin rasa ƙirgen da kike yi. A hankali ake saukowa da shi, kashi kashi cikin makonni, likita na duba shi.

Mu dawo kan ajiye maganin tibi. Tari ya tsaya ba yana nufin ƙwayar cutar ta mutu ba, masu saurin mutuwa ne suka mutu, akwai masu laɓewa da sai an yi wata shidan nan cif ake gamawa da su, shi yasa ake sake gwada kaki a ƙarshen wata na biyu da na biyar da na shida. In ya tsaya a uku tarin na iya dawowa, kuma yana iya dawowa ya ƙi jin rifamfisin ɗin gaba ɗaya. Ga abin da nake so ki gaya masa dan nasan shi zai fi shiga kunnensa, maganin tibi mai taurin kai da ake bayarwa yanzu akwai wani a ciki sunansa linezolid, shi kuma tsakaninsa da tiramol ba rage ƙarfi bane, faɗa ne na gaske. In suka haɗu suna iya sa wani sinadari da ake kira serotonin ya yi yawa a ƙwaƙwalwa, zazzaɓi mai zafi, karkarwa, tsokoki su ɗaure, zuciya na gudu, mutum ya fita hayyacinsa, ana mutuwa a kai. Wato in ya gudu daga wannan dan ya tsira da tiramol ɗinsa, inda zai faɗa tiramol ɗin ne ma za a fara hana shi. Ga ku ga yara huɗu a ɗaki ɗaya kuna shaƙar numfashinsa.

Akwai kuma tambayar da ban ga kowa a gidanku ya yi ba, shin ciwon bayan nan har yanzu na hatsarin ne? Kowa ya riga ya sa a ransa tsohon ciwo ne. Amma tibi ba huhu kaɗai yake kamawa ba, yana kama ƙashin baya, ya riƙa cin ƙashin a hankali, in aka yi sake har ƙusumbi yake fitarwa ko ya kashe ƙafafu, kuma maganinsa ya fi wata shida, yakan kai wata 12. Mai tibi da ciwon bayansa ke ƙaruwa dole a ɗauki hoton bayan a gani. Ki lura ko ciwon yana tashinsa cikin dare, ko akwai wani ƙulli da ya taso a tsakiyar bayan, ko ƙafa tana masa nauyi yana jan ta, ko fitsari yana ƙin fita ko yana zubowa bai sani ba. In akwai ko ɗaya daga na ƙarshen nan ba maganar jiran ranar kilinik bane, ranar za a tafi. In kuma abin da yake ji zafi ne a tafin ƙafa kamar ya taka barkono ko tsikara kamar allura, wannan sau da yawa isoniyazid ne, maganinsa bitamin B6 ne mai arha, tiramol ɗari ba zai gyara shi ba.

Tunda nasan ba ke kaɗai ke karantawa ba bari in ɗan faɗaɗa. Ba kowane antibayotik ne yake rigima da masu kashe zafin ciwo ba, kar wani ya karanta wannan ya ajiye maganin da likita ya bashi. Amoxil da Ampiclox da Augmentin ba a san su da wata babbar matsala da tiramol ko kodin ba. Waɗanda ake sa wa ido su ne rifamfisin da yake ragewa, sai eritromaisin da kilaritromaisin da suke yin akasin haka, su danne hanta suke yi, ta rage gudu, sai wasu irin su fentanil da oksikodon da metadon su taru a jini mutum yayi ta barci numfashi na raguwa. Kilaritromaisin ɗin nan yana cikin haɗin da ake ba masu olsa na kashe ƙwayar cutar ciki, da yawa suna sha ba su ma san antibayotik bane. Sai su Cipro da maganar jijjiga, sai linezolid. Masu sikila da suke yawan karɓar allurar fentazosin da ake ce wa fenta, ko fetidin, da masu daji da ke kan mofin, su ya fi kamata su riƙa faɗa duk lokacin da za a rubuta musu antibayotik.

To me za ki yi. Dada ki barta tukuna. Ba dan ba ta da hakki ba, uwa ce, amma tsohuwa in taji ɗanta na shan ƙwaya kuka za ta fara, kafin la'asar goggonninsa sun ji, wata tace sammu ne a kawo rubutu wata ta kawo jiƙo a jarka, shi kuma ya ɗauka kin tona masa asiri. Jiƙon nan ma ki hana shi shiga gidan yanzu ko wa ya aiko, hantarsa tana ɗauke da kaya. Ki fara da shi kansa, lokacin da ya sha maganin jikinsa ya lafa ba lokacin da yake gumi ba, ki ce masa kin bincika kin gano gaskiyarsa ce maganin tibi na rage ƙarfin na bayan, kuma akwai yadda asibiti suke yi da irin wannan. Mutum in aka fara gaskata shi ya fi saurara. In ya ƙi, sai ki nemi Hammansa, wato yayansa, ko wani amininsa guda ɗaya mai riƙe sirri wanda yake jin nauyinsa, namiji ɗan uwansa ya raka shi.

Ku je inda yake karɓar maganin tibin, kar ku jira ranar da aka rubuta a kati. Ki zuba komai a leda, maganin tibin, katin tiramol ɗin ko da fanko ne, Cipro, da duk wani abin da yake sha har na gargajiya da na ƙarin kuzari. A faɗa musu adadin na gaskiya, 225 sau uku, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In yace guda ɗaya yake sha jefi jefi za su yi masa lissafi a kan ƙarya kuma shi zai wahala. Nasan abin da yake tsoro, kar a haɗa shi da ƴan NDLEA, ki kwantar masa da hankali ma'aikacin lafiya ba kamu ya fito yi ba kuma ba shi ne na farko da suka gani ba. Mai bada maganin tibi a ƙaramin asibiti ba lallai ya iya tsara rage tiramol ba, ku roƙi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe, can akwai likitocin ƙashi kuma akwai ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da su ne suka fi sanin yadda ake sauko da mutum daga irin wannan. In aka ce ku je wajensu kar ya ce an maida shi mahaukaci, aikinsu ne kawai. Kuma ki tabbata likitan ya san ranar da zai gama maganin tibi, ki faɗa da bakinki ko shi ya manta.

Kafin nan kar yace bari ya cike gurbi da farasitamol barkatai. Rifamfisin da isoniyazid duk suna wahalar da hanta, farasitamol mai yawa a kansu ƙarin nauyi ne, likita ya faɗi adadin. Su diklofenak da Brufen kuma suna cin ciki suna taɓa ƙoda in aka daɗe a kansu, balle irin haɗin nan da ake ƙullawa a leda guda biyar shida a ce maganin gajiya. In kika ga idonsa yayi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya daina cin abinci kwatakwata, shawara ce take neman kama shi, wannan kam asibiti a ranar, su ne za su ce a dakata da maganin tibi in ya kama a dakata. Kuma ko kusa kar ya haɗa tiramol da D5 ko Rochi ko wani maganin barci ko na tari mai kodin wai dan ya samu ya runtsa, mafi yawan waɗanda numfashinsu ke tsayawa cikin barci haɗi suka yi.

Maganar tuƙi, nasan da ita kuke ci kuma nasan abin da buhun masara yake a Tudun Hatsi, amma ba zan iya ce miki ba komai ba. Mutumin da jikinsa ya fara fizga, yana kan wannan adadin, ya ɗebi fasinja ya hau hanyar Alkaleri, in abin ya zo masa a kan sitiyari ba shi kaɗai bane. Ya ba wani amintacce motar suna raba abin da aka samu na ɗan lokaci, ko ya tsaya a tasha yana lodi, har likita yace ya koma.

Da dare kuma tunda ke ce a gefensa, ga abin da za ki riƙe. In ya fara jijjiga ki janye abin da zai buge shi, ki sa masa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, kar ki danne shi, kar a tura masa cokali ko yatsa a baki, kar a ɗura masa ruwa ko manja ko madara, shaƙewa zai yi. In ta lafa ki juya shi ya kwanta a gefe sannan a nemi mota, ko ya farfaɗo yace lafiyarsa ƙalau a tafi. In kuma barci ne yayi nauyi kina tashinsa baya tashi, yana wani irin minshari mai gargara, baƙin idonsa ya tsuke ya zama ɗan ɗigo, leɓensa ya canza kala, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya, lafiyayyen babba yana yin 12 zuwa 20, in ya gaza 10 kar ki tsaya neman mayafi mai kyau ki buga wa maƙwabta ƙofa a tafi emajensi, ki riƙe katin ƙwayar a hannu ki nuna musu. Akwai allurar da ake kira naloksan da take warware irin wannan, amma sai sun san abin da ya sha za su yi saurin ɗauko ta. Ki samu lambar mai Keke Napep ɗaya a unguwa da zai ɗaga waya ko ƙarfe biyun dare, ki ajiye tun yau.

Ƙwayoyin kuma a daina barinsu a aljihun riga, ke da kanki kin ce a wanki kike tsinta, guda ɗaya mai 225 ta isa ta hallaka ƙaramin yaro in ya ɗauka alewa ce. A sa a abin da ake kullewa.

Baki gaya min ko an duba ki ke da yaran ba. In ba a yi ba ku tafi gaba ɗaya ranar da za ku kai shi, gwajin kaki da maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma akwai maganin kariya da ake ba waɗanda suke gida ɗaya da mai tarin, musamman ƴan ƙasa da shekara biyar, ko da ba sa tari. In an yi muku wasa da hankali ko aka ce ku biya, akwai layin 3340 na masu yaƙi da tibi na ƙasa, ki kira ki tambaya.